"Ya yi lalata da ita" ko "ya yi mata fyaɗe"? Muhawara kan yadda muke ba da labarin a Kano

Safiya Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da doguwar magana da daren nan, abin ne ya tsaya mini a rai. Jiya bayan isha'i ina wanke-wanke rediyo na kunne, sai aka kawo labarin wani magidanci da aka kama kan yarinya 'yar shekara 9. Mai gabatarwa ya ce ana zarginsa da "yin lalata da ita". Aka miƙa wa mutumin abin magana, ya yi kusan minti uku yana bayani: sharrin Shaiɗan ne, matarsa ta yi yaji, yarinyar ce take yawan shigo masa shago da tallar gyaɗa. Ita ba a faɗi sunanta ba, gaskiya ne. Amma an faɗi unguwa, an faɗi layi, an faɗi sana'ar babanta, an sa muryar uwarta tana kuka ba a ko sauya ta ba. To me ya rage? Ni a firamare nake koyarwa, na san abin da safiya za ta haifar, duk ajin sun san ko wace ce. Tambayata ga 'yan jaridar da ke cikin zauren nan: me ya sa shi yake samun bakin magana, ita kuma take samun tambari? Kuma don Allah ta yaya ake yin lalata DA yarinya 'yar shekara 9?

Nura Fagge:
Wa alaikumus salam Malama Safiya. Ba a tasharmu aka yi ba, amma ba zan ɓoye ba, mu ma haka muke faɗa. Shekara bakwai ina ɗauko rahoton kotu da na 'yan sanda. Rediyo ba jarida ba ce. Uba da 'ya'yansa da surukarsa suna tsakar gida ɗaya suna saurare, shi ya sa ake sakaya zance. Kalmar fyaɗe tana da nauyi a baki, editoci da yawa ba sa son a yi ta nanata ta. Maganar ba shi dama kuma, ƙa'idar aiki ce a ji ta bakin wanda ake zargi.

Safiya Gwammaja:
Sakaya zance daban, sauya masa ma'ana daban, Malam Nura.

Hajiya Rabi:
Nura ɗana, bari in yi maka magana a matsayin wadda ta tsufa a aikin nan. Fyaɗe ba batsa ba ce, Hausa ce tsantsa. Matsalar "lalata da" tana cikin wannan ɗan ƙaramin "da" ɗin. In ka ce Audu ya yi ciniki da Larai, ko ya yi shawara da ita, ko ya yi faɗa da ita, su biyun ka sa a cikin aikin. Haka kunnen Bahaushe yake jin "ya yi lalata da ita": mutum biyu ne suka haɗu suka yi abin kunya. "Ya yi mata" kuwa yana nuna maka wanda ya aikata da wadda aka zalunta. Ai ba ma cewa ɓarawo ya yi sata da mai kanti.

Sannan ka bi kalmar ka ga inda take sauka a unguwa. Daga "an yi lalata da ita" sai ta koma "an lalata ta", daga nan sai "lalatacciya". Bayan shekara goma, ranar da aka fito neman aurenta, wannan kalmar ce za ta riga ta isa gidan surukai. Akwai kuma masu cewa "ya haike mata", wannan kam ɗanɗanon labari ake nema da ita, kana ji daga muryar mai karantawa ka san yana jin daɗin faɗa.

Nura Fagge:
Ranki ya daɗe, ban taɓa kallon "da" ɗin nan ta wannan fuskar ba. Amma akwai tsoron shari'a. In na ce "ya yi mata fyaɗe" kafin alƙali ya yanke hukunci, lauyansa zai iya maka mu a kotu.

Barista Asma'u:
Ba kalmar fyaɗe ce za ta kai ka kotu ba, Malam Nura, rashin sa "ana zargin" ne. Ka ce ana zarginsa da yi wa yarinya fyaɗe, ka gama. Shi ne ma sunan laifin da ke cikin takardar tuhuma. Sashe na 282 na Penal Code, dokar laifuka da ake aiki da ita a Arewa, ya ce in yarinya ba ta kai shekara 14 ba, da yardarta da rashin yardarta duk ɗaya ne, fyaɗe ne. Wato doka ba ta san wani abu wai shi yardar 'yar shekara 9 ba. Duk kalmar da ta nuna tarayya ta saɓa wa dokar kanta.

Kuma ku 'yan jarida kuna da taku ƙa'idar. Kundin ɗa'ar aikin jarida na Najeriya da aka amince da shi a Ilori a 1998 ya hana bayyana yaron da bai kai shekara 16 ba, da suna ko da hoto, ko yin hira da shi, a shari'ar da ta shafi irin wannan laifi, ko shi aka zalunta, ko shaida ne, ko shi ake tuhuma. Wasu suna ganin da zarar sun ɓoye suna sun cika ƙa'ida. A birni irin Kano, inda layi ɗaya kowa ya san kakan kowa, unguwa da sana'ar uba sun fi suna tona asiri.

Malam Auwalu:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta. Ni damuwata ta wuce kalma. Me ya kawo yaɗa irin wannan labari kullum a rediyo tun farko? Allah Ya yi gargaɗi a Suratun Nur, aya ta 19, ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai. Yara suna ji suna koyon abin da ba su sani ba. Na biyu, ina jin ƙanshin maganganun 'yan feminis, masu fafutukar 'yancin mata, a zauren nan, kuma mun san inda wannan hanyar take ɓullewa.

Ummi BUK:
Malam, da girmamawa, ni ce nake amsa wannan sunan a zauren nan, don haka bari in amsa. A aikin jarida da nake karantawa, abin da mahangar mata take tambaya ba shi da yawa. Da idon wa aka kalli labarin? Wa aka ba baki? Wa aka tambaya "me ya kai ki", wa aka ƙyale? Wa zai kwana da abin da rahoton ya haifar? Ka ɗora waɗannan tambayoyin kan labarin da Anti Safiya ta kawo, ka ga amsar da za ta fito. Mutumin ya samu minti uku yana wanke kansa a kunnen dubban mutane, har ya jingina laifin ga matarsa da ta yi yaji da yarinyar da ta zo talla. Mata biyu ya ɗora wa nauyin abin da ake zarginsa da shi, ba wanda ya katse shi. In faɗar wannan ne feminis, to ban ga inda ya ci karo da addinina ba.

Malam Auwalu:
'Yata, abin da kika faɗa addini ya riga kowa faɗa, ba mu buƙatar aro. A Abu Dawud da Tirmizi akwai hadisin matar da ta fito za ta sallah wani ya far mata. Ta yi ihu, ta gaya wa mutanen da suka zo wucewa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tuhume ta ba, bai tambaye ta me ya fito da ita ba, ya sallame ta, hukunci ya hau kan namijin. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma akwai cewa wadda aka tilasta ba haddi a kanta, kuma wanda ya tilasta ta zai biya ta sadaki bayan hukuncin da ke kansa. Wannan mazhabarmu ce.

Ummi BUK:
To Malam, wannan ne nake so in ji a rediyo, ba "sharrin Shaiɗan" ba. Matar da ke cikin hadisin ta ɗaga murya, ba a ce mata ta yi shiru don rufin asiri ba. Me ya sa in mace ta yi irin wannan ihun a yau sai a ce tana yaɗa alfasha?

Malam Auwalu:
Ihun wadda aka zalunta daban, mayar da abin hirar dare da kiɗa a ƙarƙashinsa daban. Na biyun nake ƙi. A kan wannan ban janye ba.

Hajiya Rabi:
A nan kam ina tare da kai Malam, kiɗan nan da ake sa wa labarin yana ƙona mini rai. Amma maganar aro, a yi mana adalci. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf 'yar Kano ce. Ta yi editar jaridar Sunday Triumph a garin nan a shekarun 1980, ta yi editar New Nigerian a Kaduna, lokacin da mace a kan wannan kujerar abin mamaki ce. Tana cikin waɗanda suka kafa FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi, a 1985. Rayuwarta ta ƙare a Mina wajen aikin Hajji a 2015, Allah Ya jiƙanta. Duk rayuwarta tana rubutu kan haƙƙin mata da yara. Kafin ita ga Hajiya Gambo Sawaba da ta sha ɗauri saboda bakinta. Ba daga Amurka muka koyi cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne ba.

Kabiru Sharaɗa:
Ni dai a matsayina na mai shafin labarai a Facebook zan faɗi abin da ba a so. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Iyaye su ɗora wa yarinya tire su tura ta gareji da kango har ƙarfe goman dare, wasu 'yan matan kuma a ga irin shigar da suke yi. In ɗan jarida ya ambaci wannan ai faɗakarwa yake yi.

Safiya Gwammaja:
Subhanallah. Yarinyar mutane ce daddawar?

Hajiya Rabi:
Kabiru, ka tuna Kwanar Dangora, watan Yunin 2020. 'Yan sandan Kano suka ce sun kama wani da ya amsa cewa ya yi wa mata kusan 40 fyaɗe cikin shekara guda, daga yara 'yan shekara 10 har tsohuwa 'yar shekara 80. Cikin gidajensu yake haura musu. Wace talla suka fita? Wace shiga tsohuwar ta yi? Kuma abin da ya fi ci mini rai a lokacin, laƙabin da mutanen garin suka sa masa, "mai siket", shi ne ya zama labarin. Aka yi ta wasa da shi a shafuka kamar sunan ɗan wasan kwaikwayo. Mata 40 suka ɓace a bayan laƙabi ɗaya. Ban ga an koma garin an tambayi yadda suke barci bayan kamen ba, ko wa ya kai su asibiti.

Maganar talla magana ce, ni ma na yi shirye-shirye a kanta. A yi mata nata shirin, a kira iyaye da masu unguwanni da hukuma, a yi maganar talaucin da ke tura yara titi. Amma ranar da aka zalunci yarinya, in ka liƙa "ta je talla" a jikin labarin, mai sauraro abin da yake ji shi ne ga dalili.

Kabiru Sharaɗa:
Hajiya na ji, amma ni har yanzu ina ganin iyaye suna da kaso. Kuma maganar gaskiya, in ban sa hoto da cikakken bayani ba, ba mai karantawa. Wani shafin zai sa, mutane su tafi can.

Ummi BUK:
To ka ga ka faɗi ainihin dalilin da bakinka, Yaya Kabiru. Mabiya ake nema da ita.

Sista Binta:
Ku bari in shigo ta ɓangaren asibiti, don ni abin da ba a faɗa a rahoton ya fi damuna fiye da abin da ake faɗa. Ana ba da labarin fyaɗe daga farko har ƙarshe, ba jimla ɗaya da za ta amfani uwar da ke saurare alhali abin ya faru a gidanta jiya. Maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72, kwana uku ke nan, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Na hana ɗaukar ciki ma yana da wa'adinsa, kwana biyar ne iyaka. Sannan abin da uwa take fara yi saboda tausayi, ta yi wa yarinya wanka, ta gasa ta da ruwan zafi, ta wanke kayan, shi ne yake tafiya da shaidar da likita zai rubuta. Akwai cibiyar Waraka a cikin Asibitin Murtala, an kafa ta ne don waɗanda aka yi wa irin wannan cin zarafi, ana duba su, ana ba su shawara, ana rubuta rahoton likita. Mutane nawa ne a Kurna ko Rijiyar Lemo suka san da ita? Sau da yawa sai bayan sati biyu ake kawo mana yarinya, bayan an gama zaman dangi an kasa daidaitawa. Daƙiƙa ashirin daga cikin minti ukun da aka ba mutumin can sun isa a faɗi duk wannan.

Kuma a daina mantawa da yara maza. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna mace ɗaya cikin huɗu, namiji ɗaya cikin goma, sun fuskanci cin zarafin jima'i kafin su kai shekara 18. Su ma "ya yi luwaɗi da shi" ake cewa, wannan "da" ɗin dai na Hajiya. Yaro ɗan shekara 7 a mayar da shi abokin tarayya. Su iyayen maza ma sun fi ɓoyewa.

Maman Khalifa:
Na daɗe ina karantawa ina rubutawa ina gogewa. Bari dai in faɗa. Abin ya faru da 'yar ƙanwata, ba zan faɗi shekara ko unguwa ba. Mutumin yana da ɗan hali, mu ba mu da kowa. An kama shi, kwana biyu muka gan shi a masallacin unguwa. Manya suka yi ta zarya gidanmu, a yi sulhu, a rufa wa yarinya asiri, ga kuɗin magani. Ƙanwata ta ce ba ta yarda ba. Wallahi mu da ƙafarmu muka je gidan rediyo, don ba mu da wata kotun da za ta saurare mu. Kuma ya yi amfani, ba zan ci amanarsu ba. Washegari aka sake kama shi, maganar ta tashi daga inda aka so a binne ta.

Amma da me muka biya? Yaron gidan rediyon da ya yi mana hirar, a tsakar gida ya yi ta, maƙwabta na leƙe ta katanga. Ya ce a kira yarinyar ta faɗa da bakinta. Ya tambaye ta sau nawa, ya tambaye ta me ya ba ta, ya tambaye ta me ya sa ba ta yi ihu ba. Tana amsawa tana kallon uwarta. Mu a lokacin mun ɗauka haka ake yi. Da dare muka ji muryarta a rediyo yadda take, ba a taɓa ta ba. Sati bai zagayo ba yara suka fara kwaikwayon maganarta a hanyar Islamiyya. Dole aka mayar da ita wajen kakarta a wani gari, ta rasa shekarar karatu guda. Har yau in an kunna rediyo tashi take ta bar ɗakin.

Don haka in an ce a daina sa labarin, ni ban yarda ba, da an daina da mutumin nan yana yawonsa. In an ce yadda ake yi daidai ne, nan ma ban yarda ba.

Safiya Gwammaja:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya saka mata, Ya ba ta lafiya. Na gode da kika faɗa, 'yar uwa.

Malam Auwalu:
Allah Ya isar mata. Waɗanda suka zo neman sulhun nan ba asirin yarinya suka zo rufewa ba, nasa suka zo rufewa. Wannan ba shi ne suturar da addini ya yi umarni da ita ba.

Nura Fagge:
Maman Khalifa, jikina ya yi sanyi, don na taɓa yin irin wannan hirar, ba sau ɗaya ba. Ba wanda ya taɓa koya mini wata hanya. Edita zai ce ina muryar yarinyar, in babu ya ce rahoton bai cika ba. Kuma a gaskiya yawancin labaran nan ba ma fita nemansu. Ana kiranmu hedikwatar 'yan sanda a Bompai ranar holen masu laifi, a jera su, mu miƙa abin magana, mu dawo. Wanda ake zargi shi ne a gabanmu, shi ya sa muryarsa ce take cika rahoton.

Barista Asma'u:
Holen nan ma kansa ni ba na goyon bayansa, kuma a nan ina kare wanda ake zargi ne. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. Ka ga tsarin ya cuci kowa, shi an yanke masa hukunci a gaban kyamara, ita an tona ta a unguwa, shari'ar kuma ba mai bin ta. Bayan holen, ana kai shi kotun majistare, wadda ba ta da hurumin yanke hukuncin fyaɗe, a tsare shi, a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a, sannan a shigar da ƙara a Babbar Kotu. A wannan tsakanin ne shari'o'i suke mutuwa. Iyaye su gaji da kuɗin mota, shaidu su janye, a matsa musu su ce sun yafe. Nan ne ake buƙatar ɗan jarida, kuma nan ne ba a ganinsa. Ni da nake zuwa kotu kullum, ranar gurfanarwa benci cike yake da ku, ranar zama na shida ba kowa.

Dubi 2020. Bayan kisan wata ɗaliba da aka yi wa fyaɗe a coci a birnin Benin na jihar Edo, gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe a watan Yuni, Kaduna ta yi dokar yi wa masu fyaɗe dandaƙa a watan Satumba. Kowace kafa ta ɗauki kalmar dandaƙa ta yi kanun labari da ita, don tana jan kunne. Amma tsananin hukunci ba ya aiki sai an kai ga hukuncin. Dokar VAPP ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane, wadda ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe har ta haɗa da maza, a Abuja take aiki sai jiha ta ɗauke ta, kuma kowa ya san shekarun da aka shafe ana bin Majalisar Kano a kan maganar. Rahoto nawa aka yi da Hausa da ya bayyana wa talaka abin da ke cikinta, ba abin da ake raɗe-raɗin yana cikinta ba?

Malam Auwalu:
Barista, tunda kin kawo haƙƙin wanda ake zargi, sai in tambaya. Abin da aka yi a Twitter a 2019, ana kiran sunayen maza ba shaida ba kotu, shi kuma fa? Ƙazafi bulala 80 ne a Alƙur'ani.

Ummi BUK:
ArewaMeToo kake nufi, Malam, gangamin da matan Arewa suka yi ta bayyana cin zarafin da aka yi musu. Ban ce duk abin da aka rubuta a lokacin an tabbatar da shi ba. Amma a tambayi dalilin da ya sa 'yan matan Arewa suka zaɓi waya maimakon gidan jarida ko ofishin hukuma. Sun duba ba su ga ƙofar da za su shiga su fito da mutuncinsu ba. Kuma abin da ya biyo baya ya nuna tsoronsu na da tushe, cikin watan Fabrairun 2019 aka kama Maryam Awaisu a Kaduna, ɗaya daga cikin masu tallafa wa waɗanda suka yi magana. A shekarar ce kuma BBC ta fitar da binciken 'yar jarida Kiki Mordi kan malaman jami'a masu cin zarafin ɗalibai mata a Legas da Ghana. An ɗauki watanni ana tattara shaida, aka kare ɗaliban, kyamara ta fuskanci masu ƙarfin. Da muna da irin wannan aikin da Hausa, da 'yan mata ba su buƙaci su yi ta kansu a Twitter ba.

Barista Asma'u:
Ni a kan kiran suna ba shaida ina da ja, Ummi, na ga inda ya rusa shari'ar da za a iya ci. Wannan sai mun zauna.

Hajiya Rabi:
Akwai abin da ba mu taɓo ba, shi ne ɗakin labaran kansa. A zamaninmu in mace ta shigo aiki, shirin girki da na yara da gaisuwar 'yan uwa ake miƙa mata. Kotu da 'yan sanda da siyasa na maza ne. Yanzu an samu sauyi, amma ku ƙirga matan da ke zama a taron editoci na safe, inda ake yanke wane labari zai fita da wace kalma. Na taɓa zama ni kaɗai mace a irin wannan taron, aka karanto labarin fyaɗe, wani ya yi wata magana aka kwashe da dariya. Na ce a cire sunan makarantar yarinyar, aka ce Hajiya kin cika tausayi, wannan labari ne. Ba ina cewa kowace mace za ta yi daidai ba, na ga matan da suka fi maza tsananta wa yarinya da tambaya. Amma uwa ba za ta buɗe wa saurayi ɗan shekara 25 bakinta yadda za ta buɗe wa mace ba, kuma wadda ta taɓa jin tsoron layi mai duhu ba sai an yi mata bayanin me ya sa yarinya ba ta yi ihu ba. 'Yan NAWOJ, ƙungiyar mata 'yan jarida, da ke zauren nan, wannan aikinku ne.

Nura Fagge:
To ga gwaji. Ina da rahoton kotu na gobe da safe. Da farko na rubuta: "An gurfanar da wani magidanci mai 'ya'ya biyar bisa zargin yin lalata da 'yar maƙwabcinsa mai tallar awara a unguwa kaza." Yanzu na mayar da shi: "An gurfanar da wani mutum ɗan shekara 42 a gaban kotu a Kano bisa zargin yi wa wata yarinya 'yar maƙwabcinsa fyaɗe. Ya musanta zargin. An ɗage zaman." Sai in rufe da bayanin Sista na awa 72 da cibiyar Waraka. Ku duba mini.

Maman Khalifa:
Cire "'yar maƙwabcinsa". In ka faɗi sunansa, ka ce maƙwabciya, an gama gane ta.

Ummi BUK:
Amma kuma yana da muhimmanci mutane su san yawanci na gida ne ko na kusa, ba baƙo ba. Ko a ce "yarinyar da ya sani"?

Barista Asma'u:
Hakan ya yi. Ka sa ranar da aka ɗage zaman zuwa, kuma ka rubuta ta a littafinka don ka koma.

Sista Binta:
Ka ce kwana uku bayan ka ce awa 72, ba kowa ne zai tsaya lissafi ba. Ka ƙara da cewa kada a yi wanka ko a wanke kaya kafin a je, amma ko an riga an yi, a je ɗin.

Kabiru Sharaɗa:
Wannan a shafina ko mutum hamsin ba za su buɗe shi ba, ina gaya muku.

Safiya Gwammaja:
Malam Nura, muryar uwar fa? Kana da ita?

Nura Fagge:
Ina da ita, ta yi mini magana a harabar kotu tana kuka. Ban sa ba. Na rubuta abin da ta ce zan karanta da bakina, na kuma kira ta ɗazu na karanta mata, ta ce in cire wuri ɗaya, na cire. Na tura wa edita yanzu. Ya ga saƙon bai amsa ba tukuna. Labaran ƙarfe bakwai na safe za ku ji abin da ya bari.